Kyaftin na Masaƙar Kakuri

A gidan Baba Tanko da ke Kakuri ba a magana sai da ihu. Ba faɗa ba ne fa, haka gidan yake. In uwar gida za ta ce a miƙo mata gishiri, sai mutanen layi na gaba sun ji. Baba Tanko ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin saƙa na wata masaƙa, inda injuna ke kwana su wuni suna ruri, ya fito da fansho da kunnuwa biyu na ado. Tunda mai gida ba ya ji sai an ɗaga murya, kowa ya ɗaga, har jikoki. Kuma rabin gidajen layin na ma'aikatan masaƙa ne, to wa zai ce wa wani ya rage murya?

A wannan gida Filibus ya tashi, ɗan farin Baba Tanko, wanda duk unguwa ke kira Kyaftin. Da farko ba tsokana ba ce. Yaron ya je Zariya ya koyi tuƙin jirgin sama, ya fito da lasisi na gaske mai hoto da hatimi. Sai dai ya fito a zamanin soja, lokacin da jirage ke ruɓewa a ƙasa, matuƙa masu furfura ma suna zaman kashe wando, balle sabon shiga. Ya je Legas neman aiki ya dawo. Ya sake komawa, ya dawo da ramar da har uwarsa ta yi kuka. Ana cikin haka ya auri Celina, aka haifi Ruth, bakin ci ya ƙaru. Rannan Baba Tanko ya kama hannunsa ya nufi masaƙa da shi, ya ce kafin jirgi ya zo ai sai an ci tuwo.

Ranar farko Filibus ya shiga ɗakin saƙa da auduga cushe a kunnuwansa, don a Zariya an sha gaya musu cewa matuƙi ba shi da jarin da ya wuce ido da kunne. Baba Tanko, da ya rako shi don ya nuna shi ga tsofaffin abokan aikinsa, ya ga audugar nan. Kai, tsohon ya hasala! Ya sa yatsu biyu ya zare ta, dama da hagu, ya yar a ƙasa a gaban jama'a.

"Kunya ka zo ka ba ni?" ya daka masa tsawa. "Masaƙi da kunnensa yake saƙa!"

Kuma ba ƙarya ya yi ba. A ɗakin saƙa da kunne ake gane zaren cikin ƙoshiya ya kusa ƙarewa, da kunne ake jin zare ya tsinke tun kafin ido ya gani. Wanda ya toshe kunne sai ya ɓata yadi mai yawa kafin ya farga, kuma amarya za a riƙa kiransa a wurin, har ya bar aikin. Filibus ya yi dariya ya bar audugar a ƙasa. A ransa ya ce 'yan watanni ne, ina ruwansa.

'Yan watannin nan suka zama shekaru. Ya gwanance, har ya fi waɗanda ya tarar. Ya koyi hirar masaƙa, wadda ba da murya ake yin ta ba: ka kalli bakin mutum daga can ƙarshen ɗaki ka san me ya ce, sauran kuma da hannu. In ka haɗa yatsu biyu ka fizge su, ka ce zare ya tsinke ke nan, inji ya tsaya. Farar rigarsa ta matuƙa kuwa tana ƙasan akwati, Celina kan fito da ita ta shanya jefi-jefi don kada asu ya ci.

Sai ga shi soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki. Nan da nan masu kuɗi suka fara sayo jirage, don sababbin manya ba sa son hanyar mota. Wata Asabar da la'asar Clinton ya faka mota a ƙofar gidan. Tare suka yi karatu da Filibus a Zariya, shi dai ya yi sa'ar kawu mai faɗa a ji, tuni yake tashi sama.

"Mutumina, zuba ruwa a ƙasa ka sha!" in ji Clinton tun daga bakin ƙofa. "Kamfaninmu zai ɗauki mataimakan matuƙa. Na kai sunanka, kuma babban kyaftin ya yarda. Su za su maida kai horo su sabunta maka lasisi. Abu ɗaya suke so ka kawo, sabuwar takardar lafiya daga likitan matuƙa. Amma ka ji ni da kyau, akwai iyakar shekaru, kuma kai kafin Kirsimeti za ka haura ta. Wannan ita ce ta ƙarshe."

Baba Tanko bai ji komai ba, amma ya karanta bakin Clinton tsaf, ya miƙe da sandarsa yana ihu, "Na faɗa! Ban faɗa ba? Jirgi ya zo!" Kafin rana ta faɗi duk layin ya san Kyaftin zai tashi sama.

Da zai tafi, Clinton ya bar masa wani kaset da aka naɗi maganar matuƙa da masu ba su umarni daga hasumiyar filin jirgi, ya ce ya riƙa saurare kunnensa ya tuna aiki. Washegari bayan sujadar Lahadi Filibus ya sa kaset a rikoda, ya zauna a bakin gado da murna. Muryoyi suka fara fita. Ya san murya ce, ya san Turanci ne, amma kamar mutum na magana da bakinsa a cikin bokitin ruwa. Lambobin tsayin jirgi da na hanya, waɗanda su ne ran aikin, ko ɗaya bai kama ba.

"Maman Ruth, ƙara murya."

"Ai ta ƙure," in ji Celina.

"To kaset ɗin ne ya lalace. Clinton da shirme!"

Celina ta ajiye kayan da take ninkewa. Ita ba 'yar gidan masaƙa ba ce, a Narayi ta tashi, gidan malamin makaranta inda ake magana a hankali, ihun ma da aure ta koye shi. Ta saurari rikodar, sai ta shiga maimaita lambobin ɗaya bayan ɗaya, ita da ba ta san me suke nufi ba. Filibus ya zuba wa bakinta ido.

"Baban Ruth," ta ce, "na daɗe ina so in gaya maka. Sai in kira ka ta baya ka yi banza da ni. Na ɗauka miskilanci ne, na ɗauka haushin rashin aikin jirgi kake hucewa a kaina. Har kuka na sha yi. Juya bayanka mu gani."

Ya juya ya fuskanci bango. Ya jira. Ya ƙara jira, har ya ƙosa ya waiwayo zai ce mata ta yi magana mana, sai ya tarar hawaye na zuba a fuskarta. Ashe tuni ta yi, har ta maimaita.

Wayyo, abin da Filibus ya shiga daga ranar nan, Allah kada ya nuna wa maƙiyi. Yadda aka yi bai taɓa lura ba shi ne ya fi ci masa rai. A wurin aiki baki ake kallo. A gida ihu ake yi. A majami'a lasifika ce har ta yi yawa. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa a layinsu, dukanta ake yi da dutse. Duk duniyar da yake ciki ta masu rabin kunne ce, a ina zai gane nasa ya tafi?

Ya roƙi Celina kada ta bari Baba ya sani. Ya ɗauki hutu a masaƙa, ya ce wa mutanen gida zai je ya yi karatu inda ba hayaniya, ya koma gidan ƙanwarsa Abigail a can ƙarshen Narayi, inda gine-gine ke ƙarewa gonakin masara su fara. Tunaninsa shi ne in kunnen ya huta zai dawo. Amma a shirun nan ne ya fara jin wani fito a cikin kansa, siriri kamar kukan gyare, wanda rurin injuna ya daɗe yana rufewa. Ya je wurin mai kemis aka wanke masa kunnuwan, ba a fito da komai ba. Zumuntar mata ta su Abigail suka zagaye shi da addu'a har muryoyinsu suka dishe, aka shafa masa man zaitun. Aka yi masa kwatancen wani mai magani a Sabon Tasha, ya hau acaɓa ya je, mutumin ya ɗiga masa wani abu mai warin albasa da ya hana shi sukuni yini guda. Mutumin da ya karanta yadda iska ke ɗaga ƙarfe sama, ga shi kwance a tabarma ana hura masa kunne da bututun biro! Bai ji kunya ba, ko me aka ce ya yi zai yi. Bayan kowane magani sai ya koma ya kunna kaset ɗin nan, ya manna kunnensa a jikin rikoda, kuma kowane lokaci ruwan bokitin nan yake ji.

Ranar gwaji ta zo. Asibitin likitan matuƙa yana Barnawa, wani gida ne shiru mai bishiyar mangwaro. Likita Lawal dattijo ne mai fara'a, kuma yana da ɗabi'ar kallon mutum ido cikin ido in yana magana, abin da ya yi wa Filibus daɗi ƙwarai. Suka yi hira lafiya lau, ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce masa ba. Aka gwada ido, ya karanta har layin ƙasa. Aka gwada zuciya da jini da fitsari, komai garau. Likita har yana tsokanarsa wai jikinsa ya fi na wasu masu tashi sama kullum kyau.

Saura kunne. Filibus ya san na'urar gwajin, tun a Zariya: a sa maka abin saurare a kai, ka danna maɓalli duk lokacin da ka ji ƙara. Wannan ba ta da bakin da za a kalla.

"Na'urarmu ta samu matsala, tana wurin gyara," in ji likita. "Amma ba zan sa ka rasa damarka ba. Za mu yi na da, doka ta yarda da shi kafin a gyara. Ka tsaya can ka ba ni baya, in faɗi kalma da muryar hira, kai kuma ka maimaita."

Filibus ya taka zuwa inda aka nuna masa, ya juya baya, ya riga ya sallama. Sai ya ɗaga ido. A gabansa akwai kabad ɗin magunguna mai ƙofar gilashi, hasken taga ya faɗa a kai, ga fuskar likita nan a ciki ɓaro-ɓaro, har gashin bakinsa. Wata murya a ransa ta ce masa, a cikin gajimare fa babu gilashi, kuma akwai mutane a bayanka. Ya danne ta. Ya ce in ya hau sama zai san dabara, zai ƙure muryar rediyon jirgi, zai dogara da kyaftin, zai yi azumi, kunnen zai dawo. Yau dai takardar nan yake so, ko sama da ƙasa za su haɗe.

Leɓen da ke cikin gilashi ya motsa.

"Kafanchan," in ji Filibus.

Ya sake motsawa. Lamba ce da Turanci, ya maimaita. Wata lambar, wani sunan gari, wata kalmar matuƙa, duk ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yadda yake ɗauke maganar abokin aiki daga ƙarshen ɗakin saƙa. Ko tuntuɓe bai yi ba.

"Madalla," likita ya ce da ya juyo. "Zauna, Kyaftin."

Ya zauna. Likita ya jawo takarda mai tambari, ya sunkuyar da kai, ya fara rubutu. Filibus ya kafa wa biron ido. Yana ganin farar rigar nan an goge ta, yana ganin Baba a filin jirgi da sandarsa, yana ganin Ruth tana nuna sama tana cewa ga babanta. Daɗi ya cika shi har ya manta da abin da bai taɓa mantawa ba a masaƙa, wato kallon baki.

Biron ya tsaya. Likita ya ɗago kai a hankali.

"Malam Filibus, tun ɗazu nake tambayarka yadda ake rubuta sunan mahaifinka. Na maimaita, na ƙara maimaitawa."

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe, hankalina ne ya tafi."

Likita ya ajiye biron. Ya dubi Filibus, ya dubi wurin da ya tsaya ɗazu, idonsa ya sauka a kan kabad. Ya miƙe, ya tuɓe farar kwat ɗinsa, ya rataye ta a ƙofar gilashin ta rufe shi ruf.

"Mu sake."

Filibus ya koma ya tsaya, ya fuskanci farin yadi. Babu komai sai fiton nan na cikin kansa. Ya ji wani gunji can nesa, wataƙila murya, wataƙila mota ce a titi. Ya haɗiye yawu.

"Kafanchan," ya ce.

Shiru. Gunjin ya sake zuwa.

"Kafanchan," ya sake cewa, don ba shi da wata kalmar.

Hannu ya dafa kafaɗarsa. Da ya juyo, sai kawai ya zube a kan gwiwoyinsa, babban mutum mai iyali, ya riƙe wandon likita. "Don Allah, ranka ya daɗe, don girman Allah! Kai kaɗai ka sani. Ban da wannan ba ni da wata. Shekaruna sun ƙare. Na yi karatun nan, na iya, wallahi na iya tuƙi. Ka sa hannu kawai, zan nemi magani, ko ina yake zan je."

Likita ya ɗaga shi ya zaunar. Yanzu a hankali yake magana, yana buɗe baki sosai, kuma wannan ya fi tsawa ciwo.

"A ina kake aiki?"

"Masaƙa. Ɗakin saƙa."

"Ba ka toshe kunne?"

Filibus ya girgiza kai.

"Ɗana, na yarda ka iya tuƙi. Amma wata rana ana ruwa, ba ka ganin ƙasa, mai hasumiya zai ce maka kada ka sauka, akwai jirgi a kan hanya. Sau ɗaya zai faɗa, kuma ba za ka ga bakinsa ba. Ba zan sa hannu ba. In na'ura ta dawo ka zo mu auna, amma ba zan yaudare ka ba, irin wannan da ƙarar inji ta cinye ba ya dawowa. Wanda ya rage maka shi za ka tsare."

Ya ɗauki takardar da ya fara cikawa ya sa a aljihun tebur.

Filibus bai hau acaɓa ba, da ƙafa ya taka daga Barnawa har Kakuri, masu mota na zaginsa yana ganin bakunansu. Da ya shigo layinsu ya hango hayaƙi na tashi daga gidansu. An yanka zakara. Farar rigar nan tana rataye a igiya an wanke ta an sa mata bula. Baba Tanko na zaune a benci a ƙofar gida da hularsa ta zuwa majami'a, tsofaffin masaƙa biyu na gefensa, tun hantsi suke jira. Celina na tsaye a bakin ƙofa, ita kallo ɗaya ta yi wa tafiyarsa ta gane.

"Kyaftin!" Baba ya ƙwala ihu yana ɗaga sanda. "Yaya? Yaushe za a tashi?"

Filibus ya tsaya a gabansa. Sai ya ɗaga hannu, ya haɗa yatsu biyu, ya fizge su. Sannan ya nuna kunnensa na dama, ya nuna na hagu.

Tsofaffin nan biyu suka dubi juna, suka tashi sum-sum suka bar wurin. Baba Tanko ya daɗe yana kallon kunnuwan ɗansa. Ya sauke sandar. Ya dubi hannunsa na dama, yatsun nan biyu, yana jujjuya su kamar ba nasa ba. Daga nan ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, kuma mutumin da tun Filibus na yaro bai taɓa jin ya yi magana ba da ihu ba, yau ya yi magana a hankali. Doguwa ce, don kafaɗunsa sun jima suna motsi. Celina ta ji, ta toshe bakinta da zane ta fashe da kuka.

"Baba, me ka ce?" in ji Filibus. "Ban ji ba. Baba, ɗago in gani."

Ya durƙusa a ƙasa, ya leƙa ta ƙarƙashin hular don ya ga bakin tsohon. Amma Baba ya riga ya gama.